Wasiyyar da Ban Ji Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki ɗiyata mai kula da wannan fili, ina gaida masu karatu manya da yara. Ya gida, ya iyali, ya haƙuri da wannan zamani? Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, saboda haka murya na aiko, ke ki rubuta yadda na faɗa. Kada ki gyara mani zance, kada ki sa sunana ko sunan ƙauyenmu, ya isa a ce muna tsakanin Darini da Batsari. In kin ji ina ɗaga murya ba faɗa nake maki ba, ba na jin kaina ne. Kuma don Allah kada a zage ni. Na haifi da yawa daga cikinku, wasu ma na yi jika da su, kuma duk zagin da za ku yi mani na riga ku yi wa kaina a kan tabarmar salla.

Duk wanda ya san ni ya san ba na wasa. Shekara arba'in da ɗoriya ina riƙe da gidan mijina Malam, Allah ya jiƙan shi, ba a taɓa ɗebo damin gero a rumbu ban sani ba, kaza ba ta taɓa yin ƙwai a ɓoye ban gano wurin ba. In yarinya ta dawo daga rijiya, daga yadda ta aje tulu nake gane ko ta tsaya hira a hanya. Matan unguwa in sun yi rigima wurina ake kawo su, saboda an ce tsohuwar nan faɗa gare ta amma ba ta ƙarya. Wannan shaida ita ce zanen da na fi taƙama da shi duk cikin kayana.

Ɗana na fari, ba na kama sunanshi, mu ce Tanimu, gyaran babur yake yi a Batsari, ya tafi da safe ya dawo da yamma. Shi ne ya ga wata yarinya 'yar Safana mai zuwa wurin yayarta, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Mu kira ta Larai. Kyakkyawa, mai tsabta, ta iya ɗinki, amma kurma ce tun haihuwa, ba ta ji ba ta magana. Na ce matan duniya sun ƙare ne? Malam ya yi dariya ya ce, "Ke da kike cewa bakin surukai ke rusa gida, ga wadda ba za ta taɓa mayar maki da magana ba, me kuma kike nema?" Aka ɗaura. Ta yi makarantar kurame a birni wasu shekaru, ta iya karatu da rubutu, ta iya maganar hannu, shi ma Tanimu ya koya. Abin da ya tsaya mani a wuya shi ne su zauna a tsakar gida hannuwa na tashi kamar masu korar ƙudan zuma, sai su kwashe da dariya, ni da ba a yi mani ɓoyo a gidana ban san me ake cewa ba. Na kafa doka. Na ce a gabana ba a maganar hannu, mai son yin gulmata ya shiga ɗaki ya saki asabari.

Larai ta haifi maza biyu masu ji, ta uku mace, aka sa mata sunan mahaifiyar Malam, muke kiran ta Ummi. Wata rana tana rarrafe kwanon sha ya faɗi a bayanta, kaji suka watse, ita ko waiwaye ba ta yi ba. Na juya na kalli Larai a fuska, ina sane takan ɗan karanta baki, na ce, "Kin kawo mana iri." Ta ɗauki ɗiyarta ta goya. Da aka zo yaye ɗakina aka kawo Ummi kamar yadda aka saba, daga nan ba ta koma ɗakin uwarta ba.

To Allah ba ya barci. Shekara uku kafin rasuwar Malam kunnena ya fara. Da farko ƙara nake ji kamar gyare ya shiga ciki ya yi gida, daga baya na hagu ya mutu murus, na dama kuma in ana magana sai in ji kamar daga ƙasan rijiya ake yi. Wa zan faɗa wa? Ni da na ce wa ɗiyar mutane ta kawo mana iri? Sai na ɓoye, kuma ɓoyon bai yi wuya ba, don gaisuwarmu ta Hausawa ko kurma ya haddace ta. Mutum ya durƙusa bakinshi ya motsa, ka ce lafiya lau. Ya sake motsawa, ka ce ba gajiya. Ya sake, ka ce da godiya, ka ce Alhamdulillahi, ka ce za su ji. Sai a gama gaisuwa tsaf ban ji harafi ɗaya ba. In an wuce gaisuwa an shiga zance, sai in haɗe fuska in ce, "Ɗaga murya mana, ba ka karya ba ne?" Ko in ce, "Na ji, je ka sai na yi tunani." Tsoron da ake yi mani shi ya rufa mani asiri, shi ne kuma ya ƙara kashe ni, don duk wanda zai yi mani magana sai ya sunkuyar da kai ya yi ƙasa da murya, bakin ma da zan kalla ba na gani. Kiran salla na daina ji, sai in lura da inuwar rumbu, in na ga Malam ya ɗauki buta ni ma in ɗauka.

Ummi na da shekara bakwai Larai ta tayar da maganar a kai ta makarantar da ta yi. Tanimu ya kai wa ubanshi, Malam ya amince nan take. Shi dama kullum suna tare da Ummi a gindin bishiyar bedi, yana kiran ta amaryata, tana kama yatsunshi tana lanƙwasawa. Na ce mashi, "Tsofai-tsofai da kai kana wasan bebaye?" Ya ce, "Amarya ce ke koya mani sirri, ke ina ruwanki?" Ni kuwa na ƙi maganar makaranta. Na ce ɗiya mace, ƙarama, wadda ko an cuce ta ba ta da bakin ihu, a kai ta kwana wani gari, ga hanyoyin nan yadda suka zama? Wannan tsoro gaskiya ne, har yau ina jin shi. Amma tunda na zo faɗin gaskiya bari in faɗe ta duka. Ummi ce kaɗai mutum a duniya da ba sai na yi ƙaryar ji a gabanta ba. In mun shiga ɗaki ni da ita sai in sauke fuska in huta. Ta taɓa ni in taɓa ta, ta nuna in gane, ba mai jiran amsa daga bakina. Ni da na hana nuni a tsakar gida, ni ce ke rayuwa da shi a ƙuryar ɗaki. In aka ɗauke ta wa ya rage mani? Malam ya ce magana ta ƙare, in an yi girbi za a kai ta. Har akwati Tanimu ya sayo.

Ba a kai ga girbin ba ciwo ya kwantar da Malam. An je asibiti an dawo, jiki ya ƙi, murya ta dushe. Ranar da zai cika, bayan la'asar ne, ana zafi, an ɗage asabarin ƙofa don iska ta shiga. Muna ciki ni da Tanimu da ƙanen Malam, Sale. Sai Malam ya buɗe ido ya yafito ni. Sale ya taɓa Tanimu ya ce su ba mu wuri, wataƙila akwai abin da zai faɗa wa iyalinshi, suka fita zaure. Na durƙusa na kai kunnen dama bakinshi, fuskata na kallon bango. Na ji ɗumin numfashinshi a kuncina, na ji leɓenshi na motsi, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Wallahi tallahi ban ji komai ba. Ko sautin ƙuda ban ji ba. Ina ta cewa "Na'am Malam, na ji, na ji," kamar yadda na saba yi wa kowa. Mutumin da muka yi shekara arba'in da ɗoriya, maganarshi ta ƙarshe a duniya, na yi mata abin da nake yi wa mai tallan daddawa.

Da idonshi ya kafe na ƙwala kira suka dawo. Sale ya laƙƙana mashi kalmar shahada, kafin magariba Allah ya karɓi abinshi. Washegari bayan an dawo daga maƙabarta, gida cike, Sale ya tsaya bakin ƙofata da Tanimu a bayanshi ya ce, "Yaya, me marigayi ya bari? In wasiyya ce a faɗe ta yanzu gaban shaidu." Mata duk suka zubo mani ido. Me zan ce? In ce ban ji ba? In ce na yi shekara uku ina amsa maku gaibu, duk shari'ar da na yanke maku ban ji ƙarar ba? Ummi na jingine da cinyata tana wasa da bakin mayafina. Ban shirya ba, Allah ne shaida ban kwana da ita a rai ba, bakina ne kawai ya buɗe na ce, "Cewa ya yi kada a fitar da Ummi daga gidan nan. Ya ce ya sake tunani."

Tanimu ya dafe bango ya yi kuka irin na yara. Ya ce, "An gama, Inna. Abin da Baba ya faɗa shi za a yi." Sale ya ce Allah ya ba mu ikon cikawa, aka shafa. Ba wanda ya yi shakka. Wa zai yi? Tsohuwar da ba ta ƙarya?

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ina zaune wuri ɗaya, kuma wa ke ɗawainiya da ni? Larai. Ita ke kawo ruwan wanka, ita ke dama mani fura, ita ke wanke mani kaya. Sai na fara lura da wani abu. Ba ta taɓa ɓullo mani ta baya. In za ta shigo sai ta tsaya inda inuwarta za ta faɗo gabana tukuna, ko ta buga ƙafa a ƙasa in ji a jikina. In lokacin salla ya yi sai ta aje buta inda zan gani ta wuce. Abin da ake yi wa kurma take yi mani. Ashe ta daɗe da ganowa, don duk dabarar da nake yi ita ta girma a cikinta.

Wata rana wata tsohuwar ƙawata ta zo daga Yasore yi mani gaisuwa. Muka gama lafiya lau da ba gajiya, sai ta sunkuyar da kai cikin hijabi ta shiga wani dogon zance. Da ta tsaya na buɗe baki zan ce madalla, sai na hangi Larai a bayanta tana girgiza mani kai da ƙarfi. Ta shimfiɗa tafin hannu kamar mai kwantar da mutum, ta ja yatsa daga ido zuwa kunci. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙan rai." Matar ta kama hannuna ta fashe da kuka. Ƙanenta ne ya rasu, Tanimu ya riga ya faɗa wa Larai da safe. Da na ce madalla fa? Da wane ido zan sake kallon matar nan? Ran nan na ci daga kwanon da na hana a ɗora a gidana.

Bayan na fita takaba na bari aka san kunnena ya yi nauyi, amma na ce baƙin cikin rashin Malam ne ya toshe shi. Ƙarya ta biyu kenan, don ta rufe ta farko. Tanimu ya kai ni aka duba, aka ce na tsufa ne, ba zai dawo ba. Yanzu in zai yi mani magana sai ya zo dama da ni ya ɗaga murya kamar mai kiran shanu. Ita kuma Larai, in maza sun fita, sai ta zauna gabana da tsintar wake ta ɗaga abu ta nuna mani sunanshi da hannu. Wake. Gishiri. Akuya. Gobe. Jiya. Yatsuna sun sandare da sanyin ƙashi, in na yi wani sai Ummi ta faɗi ƙasa tana dariya, wai na ce a yanka maƙwabci maimakon zakara. Ban taɓa yarda a yi mani dariya ba a rayuwata, amma wannan na zauna an yi mani, har ni ma na yi. A nan na gane kowa a gidan yana da suna na hannu. Na Malam shafa gemu ne. Na Tanimu murɗa hannun babur. Na ce to ni fa? Suka kalli juna. Ummi ta haɗe gira ta dangwala yatsa a tsakiyar goshi inda fuska ke tattarewa. Na ce, "Ja'ira, uwarki ce ta raɗa mani wannan ko?" Larai ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Shekara goma sha ina zargin ana gulmata, ashe dai ana yi, kuma ba su yi ƙarya ba.

Haka muka yi wajen shekara biyu. Ummi yanzu shekara tara gare ta. 'Yan'uwanta maza su ɗauki jaka su tafi makaranta, ita ta raka su bakin zaure ta dawo ta zauna tana zane a ƙasa da tsinke. Uwarta na koya mata abin da ta iya, amma ga girki ga ɗinki ga ni. Yarinyar nan kaifin kanta ya fi na mazan biyu a haɗe. Kullum na gan ta tana zanen nan sai in ji kamar an ɗora mani dutsen niƙa a ƙirji, amma in tashi in shiga ɗaki.

Watan jiya muna bakace ni da Larai, ba kowa a gidan, sai ta aje faifai. Ta nuna ni, ta nuna kunne, ta kaɗa hannu alamar babu, ta shafa gemu, ta shimfiɗa tafi. Wato ranar da Malam ya kwanta ba ki ji ba. Na so in haɗe fuska irin tawa, fuskar ta ƙi. Na gyaɗa kai. Sai ta ce mani, a hankali yadda zan gane, ran nan tana zaune a tsakar gida daidai ƙofar, tana ganin gadon. Da na kifa kunne a bakinshi, Malam ya gwada da baki ya ga ban ji ba, sai ya ɗaga hannu ya yi da yatsu, yadda Ummi ta koya mashi. Ni ina kallon bango ban gani ba. Na tambaye ta da hannu, me ya ce? Ta dunƙule hannu kamar moɗa ta kai baki.

Ruwa. Ruwa ya roƙa.

Jama'a, sai a lokacin abin ya dawo mani kamar yanzu ake yi. Ina durƙushe a kan Malam, na ga inuwa a ƙofa, na ɗago na ga Larai da moɗa a hannu tana neman shigowa. Na watsa mata harara na kore ta da hannu. A raina ina cewa dubi marar kunya, suruka za ta kutso ɗakin uban miji yana kwance ba riga. Shekara goma sha ba ta taɓa taka ɗakin nan ba saboda kunyar surukuta, ran nan kaɗai ta karya, ni kuma na mayar da ita da ruwanta. Ta tsaya, ta sake miƙo moɗar, na sake korar ta. Mijina ya tafi da ƙishi, ruwa na taku uku daga bakinshi, saboda ni na fi ƙarfin in ce ban ji ba. Kuma tunda ya ɗaga hannu, ashe ya san halin da nake ciki. Ya sani duk shekarun nan, bai taɓa kunyata ni ba ko a cikin wasa. Shi ya sa in zai yi mani magana sai ya dafa kafaɗata ya juyo da ni, ni kuwa ina cewa tsufa ya sa shi son jiki.

Na yi kuka har Larai ta riƙe ni, ita da ya kamata ta tofa mani yawu. Na ce me ya sa ba ki faɗa ba? Ta ce ta faɗa. Tun ranar sadakar uku ta faɗa wa mijinta babu wata wasiyya, ruwa Baba ya nema. Ya ce mata, "Inna da kunnenta ta ji, ke da ba ki taɓa jin ko tsawa ba za ki ƙaryata ta?" Ya ce son kai ɗiyarta makaranta ya sa ta yi wa mamaci ƙage, ya yi wata guda ba ya ɗaga mata hannu. Shekara biyu yarinyar nan na zaune a matsayin maƙaryaciya a idon mijinta, tana dama mani fura, tana koya mani wake da gishiri. Na ce don me kike yi mani haka? Ta ce tana jira in iya magana ne, don ta tambaye ni da kaina ba tare da ɗan aike ba.

Dalilin da ya sa ta tayar da zancen yanzu, wata ƙawarta da suka yi makarantar kurame tare, wadda take aiki a can, ta aiko mata cewa in ba a kawo Ummi wannan shiga ba, ta yi girma da ajin farko, zai yi wuya a karɓe ta. Larai ta ce wa Tanimu za ta kai ɗiyarta Safana wurin iyayenta, daga can a wuce da ita, in ya so ya ba ta takardarta. Shi kuma ya rantse ba zai taka wasiyyar ubanshi ba ko gidan zai watse. Ga ni a tsakiya, ni na haƙa ramin, su ke faɗawa.

Na ce mata ki ba ni kwana biyu zan faɗa mashi. Kwana biyu sun zama ashirin da wani abu. Sau uku ina kiran shi ɗaki, in ya durƙusa ya ce "Ga ni, Inna," sai in ce mashi katangar baya na neman yaɓe. Yaron nan tun yana ƙarami in ya yi ƙarya barkono nake shafa mashi a baki. Yanzu da gemunshi, da furfura ta fara fito mashi, in dube shi in ce na yi wa ubanka ƙarya a kan gawarshi? In ce na sa ka zalunci matarka, na cinye wa ɗiyarka shekara biyu? Na taɓa ji a wa'azi tun kunnena na aiki cewa wanda ya canza wasiyya zunubin na wuyanshi. To wanda ya ƙirƙire ta daga babu fa? Larai ce ta nuna mani wannan fili a wayarta, ta ce mutane na kawo abin da ya fi ƙarfinsu. Ita ta danna mani wurin ɗaukar murya ta fita, ita ce kuma za ta karanta amsoshinku ta juya mani su da hannu, don haka ku yi su gajeru, kalmomina ba su da yawa tukuna.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira, jiya da ya dawo daga Batsari ya zo dama da ni ya ce, "Inna, ranar Juma'a bayan an sauko, kawunnan Larai za su zo daga Safana, Baba Sale zai zo, na kuma roƙi Liman ya zauna. Ba abin da nake so sai ki maimaita abin da Baba ya faɗa maki, yadda kika ji shi, kowa ya ji da kunnenshi a huta. Ke ba a taɓa kama ki da ƙarya ba, in kin faɗa ba mai ja." Ya faɗi haka yana murmushi, yana alfahari da ni.

Yau Talata. In na maimaita, auren ɗana ya mutu ko Ummi ta zauna har abada, kuma na ƙara yi wa Malam ƙarya a gaban Liman. In na faɗi gaskiya a taron nan, na tsinka Tanimu gaban surukanshi, shi da ya tara su don ya nuna masu uwarshi. In na kira shi kafin ranar, ban san ta inda zan fara ba, kuma ina tsoron ya ce Larai ce ta juya mani kai, tunda ya riga ya saba ɗora mata. Ko in fara zuwa wurin Liman ne? Ko wurin Sale? Kuma malaman da ke cikinku su faɗa mani, wanda ya hana mai gargara ruwa ba da nufi ba amma saboda girman kai, akwai abin da zai yi ya isa ga mamacin, ko sai mun haɗu can?

Kada ku ce mani in yi haƙuri, ba ni aka cuta ba. Kwana uku suka rage, kuma in an jima zai dawo ya durƙusa a ƙofata ya gaishe ni. 'Ya'yana, me zan yi?